Tabon kaciyar da na ɓoye har ya kusa kashe mini aure

An yi mini kaciya ina da shekara 7, a tsakiyar hunturu, a zauren gidan kakanmu da ke unguwar Bilbis a cikin garin Tawa. Mu shida aka tara a safiyar, ni da 'ya'yan baffannina uku da wasu yara biyu na maƙwabta, domin al'adar gidanmu ita ce a jira sanyi ya kankama sannan a haɗa yara wuri guda, a kira wanzamin da ya gaji yi wa gidan aiki daga mahaifinsa. Abin da nake iya tunawa shi ne ramin da aka haƙa a cikin yashi, da kawuna da ya rungume ni ta baya ya danne mini ƙafafu, da zabirar wanzami a buɗe a kan tabarma, da aska guda ɗaya wadda ta bi kanmu duka, ana goge ta da tsumma tsakanin yaro da yaro. Da aka gama sai aka barbaɗa mana garin bagaruwa, aka sa wa kowa guntun kara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta taɓa ciwon, aka yanka mana kaji.

Sauran yaran sun warke cikin mako biyu zuwa uku, suka ɗaura bante suka koma wasa. Nawa ciwon ya kumbura, ya yi ruwa, ya riƙa wari, kuma sai da na kwashe fiye da wata guda ina tafiya a tattale. Ni ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyata ko sunana ba ta kama wa, balle ta duba tsiraicina, shi ma mahaifina kunyar ɗan fari ba ta bar shi ya matso kusa ba. Kakata ce ta yi jinyata, ita kuwa a lokacin yana ta riga ta fara rufe mata ido. Ranar da ɓawon ciwon ya faɗi ta shafa wurin da hannu, ta yi hamdala, ta ce ya warke. Babu wanda ya lura cewa a gefen hagu bakin fatar da aka yanka ya manne da kan kaciya, su biyun suka warke a haɗe, har fata ta yi wata 'yar gada mai faɗin ƙwayar wake da ɗan rami a ƙarƙashinta.

Na girma ina zaton haka halittar kowane namiji take, tunda ban taɓa ganin ta wani ba, kuma ba abu ba ne da yaro zai tambaya. Sai da na kai shekara 15 na fara gane akwai matsala. Idan na farka da asuba gabana a miƙe, sai in ji fatar tana ja kamar za ta tsage, abin kuma ya karkata hagu, har sai na durƙusa na jira ya kwanta. A cikin ɗan ramin nan wani farin datti mai wari yana taruwa, wanda ruwa kaɗai ba ya fitar da shi, don haka duk wanka sai na shiga da tsinken ashana ina sakacewa a hankali. Na yi shekaru ina wannan, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abu ne da likita zai iya gyarawa. A fadarmu, inda muke kwana shan shayi, ba hirar da samari suka fi so irin ta mazantaka, amma hira ce ta cika baki, kowa zaki ne a bakinsa. Wanda ya kuskura ya ce yana da rauni, ya samu sunan da zai bi shi har tsufa. Nakan yi dariya tare da su, in tashi da abina a ciki.

Akwai abu na biyu da ya zama dole in faɗa, domin idan na ɓoye shi labarin bai cika ba. Sana'ata ɗinki ce, kuma duk tela ya san yadda kwana goman ƙarshe kafin salla suke: shadda ta taru har rufi, masu kaya suna zarya, keke ba ya tsayawa dare da rana. Ina ɗan shekara 19 wani abokin aikina ya ba ni ƙwayar tramol ya ce za ta hana ni jin gajiya. Ta hana kuwa. Da farko sai lokacin salla nake sha, daga baya ya zama duk ranar da aiki ya yi yawa, kafin in ankara ya zama kowace safiya sai na haɗiya ɗaya da shayi, wani lokaci biyu, irin mai lamba 225 da ake sayarwa a ɓoye.

Na yi aure ina da shekara 26, da 'yar kawuna, wato kawun nan da ya riƙe ni ranar kaciya. Auren zumunci ne amma da so a cikinsa, domin ni na nuna ina so, ita ma ba a tilasta mata ba. A daren farko, tun kafin a kai ga komai, fatar nan ta tsage. Zafin da na ji ban taɓa jin irinsa ba tun ranar aska, jini kuma ya ɓata zanen gado. Na fita bayan ɗaki na dafe wurin da tsumma har ya tsaya, ita kuma tana zaune a bakin gado tana kuka, ba ta san abin da ya faru ba, ni kuma ban iya buɗe baki na gaya mata ba. Da safe tsofaffin mata suka shigo, suka ga zane, suka rangaɗa guɗa, aka yi ta sa wa amarya albarka ana yaba tarbiyyar gidansu. Ni da ita muka sunkuyar da kai. Mu biyu kaɗai muka san jinin wane ne.

Na bari kwana goma ciwon ya kame, na sake gwadawa, ya sake tsagewa. A karo na uku babu abin da ya tsage, domin gaban bai ma motsa ba. Daga nan abin ya zama haka: da rana ina kan keke ina tunanin matata, sha'awa tana nan, amma da zarar an yi sallar isha'i na doshi gida sai zuciyata ta fara bugawa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, kuma in na shiga ɗaki sai in tarar da jikina kamar ba nawa ba. Na koma daɗewa a shago da sunan aiki ya yi yawa, ina dawowa sai ta yi barci, ko ta yi kamar ta yi.

Mutum ɗaya na gaya wa, wani aminina, shi ma ban gaya masa maganar fatar ba, na ce masa kawai rauni nake ji. Nan take ya yanke hukunci cewa basir ne, tunda ina wuni a zaune. Mai maganin da ya kai ni wurinsa ran kasuwar Lahadi, irin masu lasifika a kan mota, ya ce sanyi ne ya yi mini yawa, ya haɗa ni da gagai da wani garin da ake sha a kunu da wani da ake barbaɗawa a gasasshen nama. Wani kuma ya duba ƙasa ya ce ɗaure ni aka yi, kuma wanda ya yi aikin wani ne da ya nemi yarinyar bai samu ba. Wannan maganar ta fi kowace shiga raina, saboda ta ɗauke laifin daga jikina ta ɗora wa wani, har na yi watanni ina gaba da wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na sha rubutu, na yi turare, na yi wanka da saiwoyi a mararraba. In na haɗa abin da na kashe a wata bakwai, ya isa in sayi sabon keken ɗinki. A cikin duk waɗanda suka karɓi kuɗina babu wanda ya ce in kwance wando ya gani, ni ma kuma abin da ya sa na fi son zuwa wurinsu ke nan.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan yawo shi ne wata ƙwaya da na saya a hannun masu tallar magani a faranti. An rubuta 100 a jikin kwalin, mai tallar kuma ya ce in na sha biyu sai an roƙe ni. Na sha biyun. Cikin awa guda kaina ya ɗauki ciwo kamar ana sara, hancina ya toshe, fuskata ta yi zafi, hasken fitila ya koma shuɗi-shuɗi a idona. Gaban ya miƙe da ƙarfin da bai taɓa yi ba, fatar kuwa ta yage fiye da kowane lokaci. Na tsuguna a bayan ɗaki ina danne wurin da ƙyallen shadda, ƙyalle ya jiƙe na sake wani, har aka yi kiran assalatu.

Da na dawo ɗaki na tarar da ita a zaune ta kunna fitila. Ta ce: "Maigida, wata bakwai ke nan ina zaton ƙina kake yi. An ba ni kayan mata na sha har na gaji, ana tambayata ko da labari ina cewa sai dai addu'a. In ba ka so na, ka sauwaƙe mini in koma gidanmu. In kuwa ciwo ne, to don girman Allah ka bar ni in san ciwon mijina." A daren na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce abin da ban taɓa zaton ji ba, wai ita a ganinta wannan bai wuce a kai wa likita ya raba ba.

Ta gaya wa gwaggonta, gwaggon ta gaya wa kawu, kawu ya aika a kira ni. Na tafi ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, domin surukina ne kuma kawuna. Ya sa aka kira malamin unguwa, muka zauna mu uku a zaure. Malam ya yi bayani cewa a mazhabar Malikiyya, mijin da ya kasa kusantar matarsa tun da aka ɗaura aure ana ba shi wa'adin shekara guda ya nemi magani, in shekara ta cika bai samu sauƙi ba, matar tana da zaɓin zama ko rabuwa. Ya ƙara da cewa buɗe al'aura a gaban likita saboda larura ba laifi ba ne, kuma zaman da nake yi da ciwo ina cutar da yarinya shi ne abin da ya kamata in ji tsoro. Kawu, wanda ya yi shekaru yana bida a Abijan kuma ya ga duniya, bai yi mini faɗa ba. Ya ce: "Ɗana, ni na riƙe ka aka yanka ka, ashe ban gama aikina ba." Ya ciro jika hamsin ya ajiye a gabana.

Gaskiya ita ce irin aikin da aka yi mini ba sai an je Yamai ba. Kunya ce ta kai ni, domin a Tawa duk layin da na shiga a asibiti sai na haɗu da wanda na taɓa ɗinka wa riga. Na ce wa mutane zan je Babbar Kasuwa sayen zare da shadda, na hau motar asuba, muka bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kilomita wajen 550, ina zaune a karkace saboda ciwon bai gama kamewa ba. Washegari na ƙetare gadar Kennedy zuwa asibitin ƙasa da ke Lamorde, inda aka nuna mini sashen masu ciwon mafitsara da al'aurar maza.

A kan bencin jira na zauna kusa da wani dattijo da ya zo daga ƙauye da jikansa ɗan shekara 8. Yaron yana sanye da doguwar riga ba wando, yana wasa da murfin kwalba. Dattijon ya gaya mini, ba tare da wata kunya ba, cewa tun da aka yi wa yaron kaciya fitsarinsa ta wuri biyu yake fita, domin askar ta taɓa hanyar fitsari ta ƙasa. Ya ce da ya ga haka sai ya sayar da tunkiya ya kamo hanya. Na dubi wannan tsoho da bai yi boko ba, wanda bai tsaya jiran komai ba, na tuna tsinken ashanar da na yi shekara goma sha biyu ina shiga wanka da shi.

Likitan da ya duba ni Bazabarme ne, amma Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan tsabta. Duban bai kai minti biyu ba. Ya ce wannan abu ne da suke gani a kai a kai, yakan faru idan ciwon kaciya ya yi ruwa ko kuma ba a riƙa janye fatar baya ba lokacin da take warkewa, sai ɗanyen nama ya haɗu da ɗanyen nama su manne. Ni da nake tela nan da nan na gane, domin daidai yake da allura ta kama hannun riga ta haɗa shi da jiki: duk kyawun yadin, in mai riga ya ɗaga hannu sai ya yage, kuma gyaransa bai wuce a farke wurin ba.

Tambayoyinsa ne suka ɗauki lokaci. Ya tambaye ni ko ina da sikila, ko akwai ciwon sukari ko hawan jini a gidanmu, ko ina shan taba, ya kuma sa aka gwada jinina. Sannan ya yi tambayar da ya ce ta fi sauran muhimmanci: shin in na farka da asuba nakan tarar da gabana a miƙe? Na ce ƙwarai, kusan kullum, shi ne ma yake tashe ni da zafi. Ya ce to wanda aka ɗaure ko wanda jijiyoyinsa suka mutu ba ya samun haka. Ya zana mini hoto a bayan takarda, ya nuna cewa a cikin azzakari akwai wasu sassa biyu masu kama da soso, kuma miƙewa ba komai ba ce illa jijiyoyin jini su saki, jini ya cika soson. Lafiyayyen namiji yakan samu haka sau uku zuwa biyar a cikin barcin dare ba tare da ya sani ba. Amma idan mutum ya tsorata, jikinsa yana fitar da wani sinadari mai suna adirenalin wanda aikinsa shi ne matse waɗannan jijiyoyi. Ya ce jikina ya koyi cewa kusantar iyali yana nufin yagewa da jini, don haka yake rufe ƙofa tun kafin in iso, kuma kowace kasawa tana ƙara wa tsoron daren gobe ƙarfi.

Da na nuna masa kwalin ƙwayar da na sha, sai ya girgiza kai. Ya ce sunan maganin sildenafil, shi ne wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1998 da sunan Viagra, kuma magani ne na gaskiya idan likita ya rubuta shi, amma 100 ita ce iyakar abin da ake sha a yini, ni kuwa na ninka. Ya ce ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya haɗuwarsu tana iya faɗar da jini har ta kai ga mutuwa, kuma duk wanda gabansa ya miƙe ya wuce awa 4 bai kwanta ba, ya garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin jinkiri yana iya kashe gaban har abada. Na kayan faranti kuma, wanda rana ta gasa, babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa.

Maganar tramol ce na so in ɓoye, amma ya dube ni ya ce: "Malam tela, me kake sha don kwanan aiki?" Na faɗa masa. Ya ce maganin kashe zafin ciwo ne dangin su mofin, kuma samari da yawa suna shan sa don jinkirta inzali, ba su san cewa daɗewa ana sha yana rage sinadarin mazantaka da sha'awa ba, ban da farfaɗiyar da yake iya jawowa. Ya ce shi zai gyara fata, amma wannan ni zan gyara, kuma kada in yanke shi rana ɗaya, ya rubuta mini yadda zan riƙa ragewa mako bayan mako.

Aikin kansa ba shi da wani labari. An yi mini allurar kashe zafi a wurin, idona biyu, aka raba fatar, aka sa ɗinki huɗu da zaren da ke narkewa da kansa. Bai kai rabin awa ba, kuma da ƙafata na fita na hau tasi. An ce in guji kusantar iyali har mako shida.

Barin tramol ya fi aikin wuya nesa ba kusa ba. Na yi makonni ina fama da ciwon gaɓoɓi da gumi da hamma da rashin barci, ga saurin fushi, har na ɓata da masu kaya biyu. Sau ɗaya na koma na sha, na gaya wa matata, ta karɓe sauran ta zuba a masai. A sallar layyar shekarar rabin aikin da na saba karɓa na karɓa.

Da mako shida suka cika ban warke nan take ba, kuma ina so duk mai irin matsalata ya ji wannan da kyau. Fata ta warke sumul, amma tsoron yana nan. Daren farko na kasa, na biyu ma haka. Sai dai likita ya riga ya gargaɗe ni cewa hakan za ta iya faruwa, ya ce mu ɗauki makonni muna kwana tare muna hira da wasa irin na ma'aurata ba tare da niyyar kaiwa ga saduwa ba, don jiki ya manta da abin da ya koya. Ya kuma rubuta mini maganin nan mai lamba 25, daga farmasi, in sha na ɗan lokaci. Da kunya na maimaita wa matata wannan bayani, ita kuwa dariya ta yi, ta ce ai wannan likita ya san abin da mata suka daɗe suna so a gaya wa maza. A cikin wata na uku Allah ya kawo sauƙi, saura wata guda aurenmu ya cika shekara. Ƙwaya huɗu na sha a cikin kwalin, sauran har suka lalace ban sake buƙatarsu ba. Mutumin da na zarga da ɗaure ni na same shi har gida na nemi gafararsa, ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Ba na riƙe da wanzamin a zuciya, ya rasu tuntuni, kuma ya yi abin da ya gada ne da iyakar saninsa. Amma aska ɗaya a kan yara shida ba abin da zan yarda a maimaita a kan nawa ba ne. Da aka haifa mana ɗa namiji, mahaifina ya ce a bari ya kai shekara bakwai a haɗa shi da 'yan uwansa kamar yadda aka saba. Ban taɓa musa masa magana ba sai ranar. Na ce: "Baba, ka yi mini haƙuri, wannan a asibiti za a yi masa, kuma yana jariri." Ya yi shiru, daga baya na ji kawu ya same shi sun yi magana, bai sake tayar da zancen ba. Ɗan wanzamin, wanda ya gaji zabirar, shi ya yi askin suna, aka ba shi kuɗinsa da rabonsa na naman rago cif, kamar yadda ake ba mahaifinsa.

Shi ma yaron ɗan fari ne, kuma tsofaffin gidanmu sun yi ta salati da suka ga ni da kaina nake kwance masa ƙyalle safe da yamma. Ma'aikaciyar jinya ta nuna mini yadda zan riƙa janye fatar baya a hankali in shafa man Vaseline a kewayen kan kaciyar don kada ta manne. Na yi haka kwana talatin ban tsallake ko ɗaya ba, ina haska wurin da fitilar waya, uwarsa tana riƙe masa ƙafafu.